Jan Hannu a Sahun La'asar

"Sallah ɗaya ce fa, Malam Maharazu. Ka saki hannunka, a sallame, a ba ka ni. Me ya yi zafi?"

Lauratu ce ke magana, tana raɓe a jikin ƙofar zaure ta ciki, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Muryarta ba ta da ƙarfi ko kaɗan. An daɗe ana maganar nan, har bakinta ya gaji da ita.

Maharazu na zaune a kan dakalin zauren, ya sunkuya yana kallon hannuwansa. Baduku ne a Kasuwar Kurmi, gafaka yake ɗinkawa da bangon littattafan malamai, shi ya sa rinin jar fata ya kama masa hannu tun daga yatsu har wuya, ba sabulun da ke fitar da shi. Ko daga nesa ka hango jan hannun nan ka san ko wane ne.

A hannun nan kuwa duk rigimar take.

A shekarun nan birnin Kano ya rabu a kan inda mutum zai ajiye hannunsa in ya tsaya sallah. Wasu su ɗora a ƙirji, su ne 'yan ƙabalu. Wasu su sake a gefe yadda suka taras da iyaye da kakanni, su ne 'yan sadalu. Alƙibla ɗaya, Annabi ɗaya, amma an daina gaisawa, an raba masallatai, har da gidajen da aka saki mata a kai. Kai ka ce hannun ɓarawo ake wa shari'a.

Mahaifin Lauratu, Malam Isyaku, shi ne limamin ƙaramin masallacin lungunsu a Madabo, kuma a wajen sadalu ba shi da na biyu. Ƙabalu ya kwashe masa ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya kwashe masa ɗansa namiji tilo, Abdussalam. Ranar da Abdussalam ya ɗora hannu a ƙirji a bayan ubansa, ranar ya bar gidan. Yau shekara uku yana Jakara, zawiyarsu ɗaya da Maharazu, ba wanda ke ambaton sunansa a gaban Malam.

To, ga wani mai ƙabalun ya zo neman 'yarsa.

Malam bai yi mata dole ba. Bazawara ce, mijinta ya rasu a annobar sanƙarau, shi kuwa mai karatu ne, ya san ba a aurar da bazawara sai da yardarta. Sai dai ita ma ba ta auruwa sai da tasa. Ya ce ga Gwadabe, ladanin masallaci, babban ɗalibinsa da ya rage, ta ce a'a. Ta ce ga Maharazu, ya yi shiru. A haka suka zauna gida ɗaya suna gaisawa safe da yamma, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gaji.

Maharazu ya ɗago kai.

"Lauratu, kin san ba abin da ba zan yi miki ba. Amma wannan..."

"A gaban Baba na yi karatu," ta katse shi. "Ɗora hannu ba farilla ba ce, sakinsa ba ya ɓata sallah. Kai ma ka sani."

"Na sani. Ba sakin ke damuna ba, dalilin sakin ne. In na tsaya na ce Allahu akbar, wa nake nufi? Allah, ko Malam?"

Sai hawaye suka zubo mata.

"Na gaji, Malam Maharazu. Wallahi na gaji. Na gaji da zama a ɗakin uwata ina kaɗa abawa kamar tsohuwa. In na je gidan suna mata su bi ni da kallo, wannan ta ce ko sai yaushe, waccan ta ce ruwan ido ne. Gwadabe kullum yana zaure yana gyaran murya, ya aiko da turare in mayar, ya aiko da zane in mayar. Shekaruna ba sa jirana. Ku maza kuna da zawiya, kuna da masallaci, kuna da kasuwar da za ku je ku yi musu ku sha iska. Ni me nake da shi? Katanga huɗu, da Baba, da shirunsa."

"Daina kuka."

"Ba zan daina ba. Yaya Abdussalam ya zaɓi hannunsa ya bar ni. Kai ma hannunka za ka zaɓa?"

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa. Ya daɗe yana murza tafukansa kamar mai son goge rinin.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Ran Alhamis zan zo da ƙanin mahaifina, Baba Ilu. Za mu bi Malam la'asar kafin a zauna magana. Zan saki."

Bai yi murmushi ba. Ya sa takalminsa ya fita, ko sallamar kirki bai yi ba.

Tana juyowa ta yi kiciɓis da Gwaggo 'Yardada, yayar Malam, zaune a bayan ƙofa da faifan tsintar wake. Gwaggo ta yi rantsuwa kunnenta ya mutu tun bara, amma ba a taɓa yin raɗa a gidan nan ta wuce ta ba.

"Kin yi wayo, 'yar malam," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago ba. "Sai dai sabo turken wawa ne. Hannun da ya shekara da shekaru yana hawa ƙirji, ke za ki hana shi da hawaye?"

"Gwaggo, sau ɗaya ne."

"Ni ma aurena na fari sau ɗaya aka ce in gwada. Allah dai ya sa kada garin neman gira a rasa ido."

Lauratu ta wuce ɗaki.

Alhamis ta zo da zafin bazara mai narka mutum. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, ko ganye ba ya motsi. A irin wannan zafi ba a shiga cikin masallacin, sai a shimfiɗa tabarmi da buzaye a ƙarƙashin cediyar da ke ƙofar gida. Lauratu ta hau ɗakin bene inda ake ajiye hatsi, ta durƙusa a gaban 'yar tagar da ke kallon cediyar. Daga nan ana ganin sahu gaba ɗaya, ba mai ganinka.

Ga Baba Ilu, dattijo mai furfura, ya ajiye ƙunshin goro a gindin bishiya. Ga Maharazu cikin farar riga, a ƙarshen sahun farko. Gwadabe ya yi iƙama, maimakon ya tsaya bayan liman inda ya saba, sai ya matso ya tsaya mutum ɗaya tsakaninsa da baƙon.

Malam ya kabbara.

Maharazu ya ɗaga hannu ya kabbara, sannan ya sauke su gefe. Lauratu ta saki numfashi. Sai dai tsayuwar tasa abin tausayi ce, ya sandare kamar wanda aka ba guga biyu cike da ruwa ya riƙe. Aka yi raka'ar fari, aka yi ta biyu, aka zauna tahiya. Ta fara godiya ga Allah a zuci.

Da aka miƙe raka'a ta uku ne ta ga kafaɗunsa sun sauka. Kansa ya sunkuya, jikinsa ya yi laushi. Ya manta da Malam, ya manta da Gwadabe, ya manta da ita. Sallar ce ta kama shi. A hankali jajayen hannuwan nan suka taso da kansu, na dama ya hau kan na hagu, suka kwanta a kan farar rigar.

Ta cusa gefen mayafi a baki ta ciza.

Da ma ya bar su a nan. Amma ina, sai ya farga. Ya zabura, ya fizge hannuwan ya watsar da su gefe da sauri, har rigar ta yi ƙara. Wanda bai ga ɗorawar ba ma ya ga saukewar.

Gwadabe kuwa ya ga duka biyun, don tun kabbarar farko wuyansa a karkace yake.

Ana sallamewa, ko addu'a ba a shafa ba, ya miƙe tsaye.

"Malam, an yi mana wasa da sallah! Wannan mutumin ya saki, ya ɗora, ya kuma saki. Ni na gani da idona. Yaudara ya zo yi mana a gaban Allah!"

Wuri ya yamutse. Wannan ya ce a sake sallar, wancan ya ce dama halin 'yan zawiya ke nan. Baba Ilu ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, ba mai sauraronsa. Daga cikin zaure muryar Gwaggo 'Yardada ta ratso hayaniyar.

"Kai kuma ladan, da wane idon ka yi taka sallar?"

Wasu suka ƙunshe dariya. Malam Isyaku bai yi ba. Ya juyo a kan buzunsa ya dubi Maharazu, aka yi tsit.

"Yaro, ban tambaye ka dalilin ɗorawa ba, wannan na san shi. Da ka saki, don wa ka saki?"

Lauratu ta ƙara matsowa jikin tagar. Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi: ita ta sa ni. Ta zuba masa ido tana jira, rabin zuciyarta na roƙon ya faɗa, rabi na roƙon kada ya faɗa.

Maharazu ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Malam ya jira, ya sake jira. Sannan ya ce, "Wallahi ba da bakina za a ɗaura auren nan ba."

Baba Ilu ya ɗauki ƙunshin goronsa ko kwancewa ba a yi ba. Maharazu ya bi bayansa, ya ɓoye hannuwansa cikin riga, suka shige lungun da ya nufi Jakara.

Lauratu ba ta san tsawon zaman da ta yi a kan buhunan gero ba. Kukan ma ya ƙi zuwa, sai wata gajiya da ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa.

Bayan magariba Malam ya aika a kira ta.

Ta same shi a ɗakinsa, littattafai jibge a gefe, kowanne cikin gafakar da Maharazu ya gyara masa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. A ɗan hasken fitilar sai ta ga tsufansa ya fito fili, kamar yau ya sauko masa gaba ɗaya.

"Laure," ya ce, "na san kina ganin na zalunce ki."

Ta sunkuyar da kai.

"Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da aka ce mini za su zo nake roƙon Allah ya ba ni ikon haɗiye ƙabalun yaron nan. Na ce a raina, in ya zo ya tsaya a bayana da hannunsa a ƙirji, yana kallon Ubangijinsa, ba ya tsoron gemuna, zan ba shi. Zan yi fushi, zan huce, zan ba shi. Na riga na rasa ɗa ɗaya a kan maganar nan. Na gaji da korar mutane daga bayana, Laure. Na gaji."

Ta ɗago ta dube shi, ba ta taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

"Amma mutumin da zai saki hannu don a ba shi mace, gobe me zai saki? Ni ya yi wa sallar nan, ba Allah ba. Yaya zan danƙa masa ke?"

A nan kukan ya zo. Ta kifa goshi a tabarma, kafaɗunta na girgiza.

"Baba, ni ce. Ni na sa shi. Ya ƙi, ya ce wa zai nufa in ya kabbara, Allah ko kai. Na yi ta kuka, na goranta masa da Yaya Abdussalam, har ya yarda. Bai so ba, Baba. Da ka tambaye shi ya yi shiru, ni yake rufa wa asiri."

Ƙarar tasbahar Malam ta tsaya cak.

"Ashe ke kika yi masa limanci," ya ce daga bisani, "ba ni ba."

"Ka yafe mini."

"Ni na koya miki abin da ke ɓata sallah da abin da ba ya ɓatawa. Na manta ban koya miki abin da ke ɓata mutum ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Me ya hana ki zo ki tambaye ni?"

"Shekara guda ba ka ce komai ba, Baba. Ina zan san abin da ke cikin shirunka?"

Ya ajiye tasbahar. Ya san gaskiya ta faɗa, ita ma ta san ya sani.

"Magana zarar bunu ce, na rantse a gaban jama'a," ya ce. "Amma rantsuwa tana da kaffara, kuma akwai gero a bene. Gobe Yaya 'Yardada ta sa a yi tuwo a kira miskinai su ci. Ke kuma bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ku je ke da ita ku same shi. Ki ce masa gobe da la'asar zan shimfiɗa buzu a ƙarshen sahu. Yadda hannunsa ya saba, ya zo da shi haka."

Washegari da hantsi suka kama hanyar Jakara, Gwaggo a gaba tana dogara sanda tana tsine wa zafi, Lauratu a baya cikin lulluɓi. Suka bi ta gefen Kurmi, ta rumfunan dukawa, warin fata da rini ya cika hanci. Rumfar Maharazu a rufe take da asabari. Maƙwabcinsa ya nuna musu gida.

A zauren gidansu suka same shi, ga fata a gabansa, ga basilla, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya gaida Gwaggo har ƙasa. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa ta juya musu baya.

"Ku yi maganarku, ni kurma ce."

Lauratu ta durƙusa nesa da shi.

"Na gaya wa Baba gaskiya. Ya san ni na sa ka."

"Bai kamata ba."

"Ya kamata tun jiya, a gaban mutane. Ina kallonka ta taga, Malam Maharazu. Ina gani ka yi shiru, ni ma na yi shiru. Ka yafe mini."

"Ba fushi nake da ke ba, Lauratu. Ke roƙo kika yi, ni na aikata." Ya juya tafukansa sama yana dubawa. "Waɗannan sun fi ni gaskiya. Ni na yi ƙarya, su suka ƙi."

"Baba ya janye. Yanzu haka ana dakan tuwon kaffara. Ya ce yau da la'asar zai shimfiɗa maka buzu, ka zo da ƙabalunka."

Ta zaci zai zabura don murna. Bai motsa ba.

"Labari ya riga ni zuwa zawiya," ya ce. "Jiya da na zauna wazifa, na damana ya matsa, na haguna ya matsa. Wani ya ce ga wanda ya sayar da ƙabalu da sadaki. A Madabo ni mayaudari ne, a Jakara ni maci amana ne. Wannan duk mai sauƙi ne, bakin mutane ne, zai gaji."

"To mene ne mai wuyar?"

Idanunsa suka ciko.

"Tun jiya ban iya sallah ba. Na tsaya magariba ni kaɗai a ɗaki, ba mai kallona. Na ɗora hannu, na ji kamar don in huce haushin Gwadabe na ɗora. Na saki, na ji kamar don ke na saki. Da asuba haka. Da can in na kabbara ba na sanin ina da hannu, Lauratu. Yanzu ba abin da nake ji a sallah sai su. In na je na tsaya a buzun nan yau, unguwa guda ta zuba mini ido, ke kina taga, wa zan yi wa wannan sallar kuma?"

"Ni na jawo maka," ta ce, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. "Ni na shiga tsakaninka da sallarka. To me zan yi? Faɗa mini. In jira? Jira ne aikina tun da na fita takaba. Baba ya gaji, ni na gaji, kai ka gaji. Da bakinsa ya ce mini ya gaji da korar mutane daga bayansa, ya riga ya rasa ɗa ɗaya. Ƙofa ta buɗe yau, ban san ko za ta kai gobe a buɗe ba."

Maharazu ya ɗago da sauri.

"Haka ya faɗa? Ya gaji da korar mutane daga bayansa?"

"Haka ya faɗa."

"Ya ambaci ɗan nasa?"

"Ya ambata."

Ya juya yana kallon ƙofa, kamar hankalinsa ya tafi wani lungun.

"Za ka zo?" ta tambaya.

"Ku koma gida, rana na yi," ya ce. "Allah ya kai mu la'asar."

A hanya Gwaggo ba ta tsine wa zafi ba ko sau ɗaya, shirun nata ya fi damun Lauratu a kan duk maganganunta.

Suka taras miskinai a ƙofar gida sun ci tuwo sun ƙoshi suna sa albarka. Unguwa ta riga ta ɗauka: Malam ya warware rantsuwa, yau mai ƙabalu zai bi shi sallah da izininsa. Kafin la'asar ƙarƙashin cediya ya cika, har da waɗanda ba a taɓa gani a sahun nan ba sai ranar da aka ji za a yi kallo.

Lauratu ta hau bene ta durƙusa a tagarta.

Malam ya fito da buzu a hammata, nasa na kansa na zuwa Idi. Da hannunsa ya shimfiɗa shi a ƙarshen sahun farko. Gwadabe ya yi kiran sallah fuska a murtuke, ya tsaya jiran izinin iƙama.

Malam bai ba da izini ba. Ya tsaya yana duban lungun Jakara.

Mutumin da tun tasowar Lauratu bai taɓa jinkirta sallah don attajiri ko mai unguwa ba, yau shi ke jiran baduku. Mai tallan ruwa ya wuce, jaki ya wuce da kayan itace. Mutane suka fara gyaran murya.

"Malam, lokaci na tafiya," in ji Gwadabe.

Malam ya ƙara duban lungun, sannan ya juya ya fuskanci gabas. Aka yi iƙama. Ya kabbara.

Lauratu ta jingina goshi a jikin katanga ta rufe ido. Shi ke nan, ta ce a ranta.

Sai ta ji takun sauri.

Ta buɗe ido. Wani mutum cikin farar riga ya fito daga lungun yana haki, ya tuɓe takalmi, ya hau buzun. Ya ɗaga hannu ya kabbara, ya ɗora na dama a kan na hagu a ƙirji, ba rawa ba ɓoyo. Ta dafe katanga.

Ta dubi hannuwan.

Ba ja ba ne. Dogayen yatsu ne sirara, irin na mahaifiyarta, irin nata. Ta bi su da kallo zuwa kafaɗa, zuwa ƙeyar da ta sani tun tana rarrafe. Yaya Abdussalam ne.

Aka yi sallar ba wanda ya yi tari. Da Malam ya sallame ya juya dama, idonsa ya sauka a kan buzun. Ya daɗe a haka, bakinsa na motsi ba sauti. Abdussalam ya rarrafo ya kifa kai a gwiwar ubansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Malam ya ɗora masa hannu a ka. Dattawa suka hau kabbara, wasu na share ido da bakin rawani. Gwadabe ya naɗe tabarmarsa ya sulale. A tsakar gida wata ta rangaɗa guɗa.

Lauratu ta yi kuka ita ma, na murna ne, ba ƙarya. Amma idonta bai bar lungun ba.

Can ta ji Gwaggo na hawowa, tana nishi a kowace matakala.

"Sauko ki gaida yayanki, yana ta tambayarki."

"Shi kaɗai ya zo?"

Gwaggo ta zauna a kan buhu, ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabi.

"Maharazu ne ya je ya same shi, ya gaya masa abin da ubanku ya ce. Ya rako shi har bakin unguwa, ya ce buzun yau ba nasa ba ne, akwai wanda ya riga shi jira."

"Shi fa?"

"Ya ce a gaya miki sai ranar da ya tsaya sallah ya manta yana da hannu."

"Yaushe ke nan, Gwaggo?"

Gwaggo 'Yardada, da ba a taɓa yi mata tambaya ta rasa amsa ba, ta dafa kafaɗar yarinyar ta miƙe ta fara sauka.

"Sauko dai," ta ce daga matakala.

Lauratu ta ce tana zuwa. A ƙasa gida ya cika da murna, ana kiran a ɗora tukunya, ana kiran a kama zakara. Ita tana nan durƙushe. An kwashe tabarmi duka daga ƙarƙashin cediya, amma Malam ya hana a naɗe buzun, ita kuma muddin yana shimfiɗe ba ta ga yadda za ta bar tagar ba.